Farantin Iya Baturkiya

Shekararmu ta biyu a unguwar Woolwich ta London, maigida yana fama da digirinsa, ni ina fama da sanyi. A flat ɗin da ke kallon namu akwai wata tsohuwa Baturkiya da nake kira Iya. Turancinta bai fi nawa ba, hirarmu duk sallama ce da murmushi.

Wata Juma'a ta ƙwanƙwasa ƙofa, ta miƙo mini farantin tangaran mai zanen furanni ja da shuɗi, babu komai a ciki. Na ce oho, Iya ta ji ƙamshin girkina. A gidanmu kuwa mayar da kwano wayam rashin tarbiyya ne. Na shaƙe shi da shinkafa da miyar manja na kai mata. Ta zaro ido. Na ce a raina, baiwar Allah ta daɗe ba ta ga nama ba.

Washegari faranti ya dawo a wanke. Na zuba tuwo. Ya dawo. Na zuba ɗanwake. Maigida, da yake masani ne, ya gyara tabarau ya ce ai tsofaffin London yunwa ke ƙarasa su, ƙaramar hukuma ba ruwanta. Mako uku ina ta ciyarwa, ina lissafin lada.

Rannan sai ga ta da ɗanta, wani magidanci direban tasi.

"'Yar'uwa, wannan na bango ne, ba na ci ba," ya ce, ya nuna mini hujin rataya a gindin farantin. Ya bi furannin da yatsa. Wai dogon jan furen nan, shi kaɗai a kan karansa, kaɗaitar Allah yake tunatarwa. Wardin na Annabi ne, tsira da aminci su tabbata a gare shi. Masu baza kai kamar mafici, lambun Aljanna.

Innalillahi! Mu da muke cika kabet da kwanuka masu fure tun muna amare, ban taɓa jin wadda ta tambayi ma'anar fure ba. Ashe a lambun Aljanna nake ta kwashe tuwo.

"Na kakarta ne, uwa ke ba 'yarta," ya ce. "Ita ba ta haifi mace ba, jibi kuma za ta koma gidan tsofaffi. Duk ranar da kika mayar, kuka take yi, wai kin ƙi ta."

Kunya ta kama ni, tausayi ya fi kunyar. Na durƙusa na rungume farantin a ƙirjina.

"Iya, na karɓa."

Yau yana rataye a ɗakina a Kano. Akwai wata 'yar tsaga kusa da wardin, manjana ya shige ta. Na goge har na gaji, bai fita ba.