Kashin Ƙuda a Kundina

Shekarun baya, lokacin ina ɗalibi a Khartum zamanin sojoji, na ɗauko wa kaina dala ba gammo: na rubuta kundin kammala karatu a kan dangantakar Larabci da Ibrananci. A lokacin kuwa ko sunan harshen Yahudawa ka ambata a cikin mota sai an waiwayo an kalle ka. Malamina ya ce in rubuta kalmomin da haruffan boko, amma kowane harafi da alamarsa, wani ɗigo a ƙasa, wani 'yar hula a sama.

Na kai aikin wurin wani dattijo Bahaushe a Omdurman, haihuwar yankin Jazira na can ƙasar, wanda ya tsufa yana buga takardu a ma'aikatar gwamnati kafin ya buɗe shagonsa. Mutum ne mai tsafta har ta yi yawa, kwamfutarsa ma da mayafinta. Da ya tambaye ni wane yare ne wannan, tsoro ya sa na ce masa tsohon Turanci ne.

To, kwamfutar ba ta san ɗigo ba. Muka danna nan, muka danna can, ta ƙi. Sai ya buga min haka nan, na koma ɗaki da baƙin biro ina bin harafi ɗaya-ɗaya. Kwana huɗu na yi, har idona ya fara ganin ɗigo a cikin shayi. Na mayar masa ya sa bango, saura kwana biyu a rufe karɓar kundi. In na makara sai baɗi, ga takardar zamana ta kusa ƙarewa.

Washegari da hantsi na je karɓa, na tarar da shi yana murmushi irin na wanda ya yi abin kirki.

"Ɗana, ɗakinka akwai ƙuda," in ji shi. "Duk sun ɓata maka takarda da kashi. Amma kar ka damu, na bi na goge."

Na buɗe. Wallahi ko ɗaya bai bari ba. Ya bi kowane ɗigo da farin ruwan gogewa, tsaf. Na zauna a kan benci, ni da gemuna ina neman yin kuka. Nan na faɗa masa gaskiya.

Ya leƙa waje ya janyo ƙofa. Na ce shi ke nan, yau zan kwana a hannun jami'an tsaro. Sai ya ciro biro biyu daga aljihu.

"Shekara talatin ina buga Turanci, ban taɓa ganin ɗigo a ƙarƙashinsa ba. Da ka gaya min, da ban ɓarnatar da ruwan gogewata ba. Matso."

Farin tabon da ya bari shi ya zame mana jagora. Kafin magariba mun gama, kuma ɗigonsa ya fi nawa kyau nesa ba kusa ba. Washegari malamina har tambayata ya yi wace kwamfuta ce wannan.

Yanzu maɓalli biyu nake dannawa ɗigo ya fito. Amma kundin yana nan a gidana, in na shafa shafi ina jin tudun kowane tabo a yatsana. Har yau kunya nake ji: mutumin da na ɓoye wa gaskiya don tsoro, shi ne ya rufe ƙofa don ya rufa min asiri.