Tiren Kabsa a Kan Yadin Abu Salim

Asabar, daga Ulaisha

Ana sallame Asuba muka bar unguwar Ulaisha a Riyad, ni da Ɗanjuma direba, a akori-kurar kamfaninmu. A shekarun tamanin ɗin nan aikina haɗa firam da shirya yadin zane a Birnin Masana'antu na Biyu. Maigidanmu ne ya tura ni wani ƙauye kudu da Riyad, inda aka ware wa masu zanen ƙofofi ɗaki, in koya musu zane a kan yadi.

A shingen 'yan sanda aka ce, "Iƙama!" Muka miƙa takardunmu na izinin zama. Ɗan sandan ya leƙa baya, ya tambayi abin da ke cikin gwangwanayen da muka ɗauko.

"Fenti ne, ba miya ba," in ji Ɗanjuma da Larabcinsa na kasuwa. Mutumin ya yi dariya ya ɗaga mana hannu.

Ƙauye, kafin Azahar

Wani dattijo, Abu Salim, ya tarbe mu. Kafin in sha ruwa ya ja hannuna zuwa wata tsohuwar ƙofa, aikin mahaifinsa. Gara ta cinye ƙasanta, zanen yana zubewa. Ya gwada kwafe shi a kan yadi sau da yawa, fentin na bushewa sai ya tsattsage.

"Ya waladi, ɗana," ya ce, "idan ƙofar nan ta faɗi ban kwafe ba, shi ke nan babana ya tafi."

Wallahi sai da zuciyata ta karye. Na ɗauko babban yadin da na zo da shi, shi kaɗai ne ya kai girman ƙofar, na shafa masa gam, na bi da farin shafe, na shanya a inuwa. Muka tafi masallaci.

Muna dawowa, me zan gani? Yadina a shimfiɗe tsakar ɗaki, an ɗora masa ƙaton tiren kabsa, dafa-dukar shinkafa da nama, mai yana naso! Iyalin gidan sun duba ba su ga shimfiɗa mai haske kamarsa ba, suka ce ita ta dace da baƙo.

"Tafaddal!" in ji Abu Salim, yana murna, yana nuna mana mu zauna mu ci.

Ɗanjuma ya raɗa mini, "Malam, ci tukuna, ka yi kukan daga baya." Na ci kuwa, har da ƙari.

Da na yi bayani cewa fenti ba ya kama mai, dattijon ya dafe kai, ido ya kawo ruwa. Na ce, "Ya ammi, baffa, yadi fuska biyu gare shi." Muka goge man da garin alli, muka juya bayan. Wannan karon na miƙa masa buroshin, shi ya shafa gam da farin da hannunsa, ina gyara masa.

Talata, komowa

Kwana uku yana durƙushe yana zane. Ranar tafiyarmu ya kankari fentin da farce, bai motsa ba. Ya rungume ni.

Mun iso Ulaisha bayan La'asar, alhamdu lillahi. Na gode wa Ɗanjuma da iyalin da suka ciyar da mu. Bayan 'yan watanni saƙo ya zo cewa ƙofar ta faɗi. Zanen kuwa yana rataye a ɗakin masu zane, kuma dattijon ba ya barin baƙo ya tafi sai ya juya masa bayan yadin ya ga shatin tiren.