Hannun Maiwada

Mijina sunansa Sulemanu, ko da yake bakina bai saba faɗa ba, Baban Matta nake ce masa. In ka tambayi tsofaffin Gozaki labarinsa za su ce, "Au, mutumin nan mai tafiya yana kallon ƙasa kamar ya yar da allura?" Shi ne. Amma ni Rahab da na aure shi ba haka na same shi ba. A da, in ya bushe da dariya har kajin maƙwabta sai sun watse.

Soja ne. Da aka gama yaƙin basasa bai dawo nan da nan ba, ya zauna a bariki a Kaduna, a can wani kofur ya koya masa wata kokawa ta mutanen Japan da suke kira jujitsu. Da aka sallame shi ya dawo da akwatin ƙarfe, da rediyo, da wata farar riga mai kauri, ba maɓalli sai ɗamara. Na ce, "Wannan kuma fa? Ta sanyi ce?" Ya ce ta aiki ce.

Aikin kuwa shi ne, in an gama ɗibar auduga an kai Funtuwa, sai ya tara samari a bayan majami'a, ya baza ƙaiƙayi, ya shimfiɗa tsofaffin buhuna. Ni ina surfe ina leƙensu ta kan danga, har na haddace karatun ba tare da na taɓa cire zani ba. Kullum da abu ɗaya yake farawa. "In an kama ka ka ji zafi, ka bugi abokinka da tafin hannu sau biyu. Kai kuma da aka buga wa, ka saki nan take, ko da uwarka ya zaga. Wanda bai san wannan ba, ba a taɓa shi." Daga nan sai faɗuwa: ka manna haɓa a ƙirji, kada ka tokare da hannu, ka mari ƙasa ta sha nauyinka. In mai ƙarfi ya turo ka, kada ka tsaya masa, ja shi ya wuce. In kun kai ƙasa, kada ka juya masa baya.

To ka san mu. A kokawarmu, da bayanka ya taɓa ƙasa an ka da kai, magana ta ƙare. Sai ga ƙato, tsohon soja, yana tara 'ya'yan mutane yana koya musu zubewa da baya, tim, tim, tun hantsi. Gari ya sa masa Malamin Faɗuwa. In na je rijiya mata su ce, "Rahab, yau maigidan ya tashi kuwa, ko yana kwance?" Ni bakina ba ya ciwo, nakan mayar musu har da gyara. Shi kuwa sai ya yi murmushi ya wuce, ashe abin yana cinsa a ciki.

Wata kaka aka yi wasan kokawa a Kafur ranar kasuwa, bayan la'asar. Na je sayar da daddawa, shi ya rako ni a keke. Gwanin wannan shekara Maiwada ne, manomi daga wani ƙauye kusa da Kafur, dogo, mai faɗin kafaɗa, mai yawan barkwanci, ba mugu ba ne ko kaɗan. Ya ka da mutum, yana zagaya fili, sai makaɗi ya hango mijina a cikin taro. Ya sauya kiɗa ya ɗaga murya, "Ga sojan da ya je birni ya koyo kwanciya!" Fili ya ɗauka. Maiwada ya miƙo hannu yana dariya, ya ce, "Soja, zo ka nuna mana yadda ake yi, ni ma ina son in huta."

Na riƙe gefen rigarsa na ce, "Baban Matta, don Allah mu tafi." Ina! Ya cire rigar ya bar min ita a hannu.

Abin bai daɗe ba. Maiwada ya turo da ƙarfinsa duka, mijina ya ja shi, ya zube da baya da gangan, ya sa ƙafa a cikinsa ya wulla shi ta saman kansa. A wurin jama'a wasa ya ƙare, tunda bayan soja ne ya fara taɓa ƙasa, Maiwada ya ci. Aka kaure da ihu da guɗa. A wurin mijina kuwa yanzu aka fara. Ya mirgina ya cafke hannun daman Maiwada tsakanin cinyoyinsa, ya miƙar da shi, yana jira a buga masa sau biyu. Maiwada ina ya san wani bugu? Shi ya san ya ci wasa, kuma ɗan kokawa ba ya cewa wayyo a gaban makaɗa. Ya cije yana fizga. Mijina ya ƙara matsawa kaɗan, yana jira. Duk da hayaniyar nan na ji ƙarar, kamar an taka busasshen kara.

Mijina ya tashi a kan gwiwa yana kallon hannun da ya lanƙwashe ta inda ba a lanƙwasa hannu. Ba wanda ya dake shi, da ma an dake shi da ya fi masa sauƙi. Wani dattijo ne kawai ya ce, "Haba soja. An ka da kai, sai ka karya mutum?" A hanyar gida yana tura keke, maganar da ya yi ɗaya ce: "Ban gaya masa ba. Ni da nake cewa wanda bai sani ba ba a taɓa shi."

Mai ɗori ya yi nasa, aka kai shi asibiti a Malumfashi, amma gwiwar hannun ta warke a karkace. Maiwada yana iya cin tuwo da shi, ba ya iya ɗaga garma. Ga 'ya'ya ƙanana, ga gona.

Tun daga ranar mijina bai sake baza ƙaiƙayi ba. Farar rigar nan ta zama shimfiɗar kaza mai kwanci. A majami'a ya bar bencin gaba ya koma bakin ƙofa. Da ruwan shuka ya sauka, ya ɗaura garma a keke ya nufi gonar Maiwada, tamu kuwa ta jira. Haka a noman farko, haka a maimai, haka a girbi, shekara bayan shekara. Yakan yi sallama kansa a ƙasa, ya yi aiki, ya tafi. Shafa'atu matar Maiwada ta kawo fura ta ajiye a gindin ɗorawa, ta dawo ta same ta yadda ta bar ta. Maiwada ya ce ya yafe, ya ce ƙaddara ce, ya aiko limaminsu, ni ma na kawo fasto. Sai mijina ya ce, "Na gode," washegari ya sake ɗaura garma.

Na yi haƙuri har na gaji. Matta da aka goya a lokacin ta isa kai abinci gona, 'ya'yan Maiwada sun zama samari suna huɗa da shanu, ba sa ma bukatarsa. Shekarar da aka yi fari, dawarmu ta makara saboda ya tsaya shukar wani, muka tashi da rumbu rabi. Na yi faɗa har muryata ta dushe, ya zauna yana kallon yatsun ƙafarsa. Abin da ya fi yunwar ƙona min rai shi ne ganin mutum yana ƙarewa a tsaye, ya rame, ya yi furfura tun lokaci bai yi ba.

Da damina ta zagayo na ɗaura gyale na bi shi a ƙafa. Na sami Maiwada zaune a gindin ɗorawar, mijina can tsakiyar gona a duƙe. Na gaishe shi na ce, "Malam Maiwada, ka sakar min miji." Ya ce, "Maman Matta, wallahi ba ni na riƙe shi ba. Na faɗa har na gaji." Sannan ya ce, "Amma akwai abin da nake son sani, shi kuma ba ya kallona balle in tambaya. Ran nan da ya kama hannuna, bai karya nan take ba. Ya tsaya yana kallon fuskata. Me yake jira?"

Ashe duk shekarun nan ba wanda ya gaya masa. Na zauna na karanta masa darasin farko kamar yadda na ji ta kan danga. Ya ce, "Sau biyu kawai?" Na ce sau biyu. Ya ce, "Kuma dole ya saki?" Na ce ko da uwarsa ka zaga.

Ya miƙe ya bi ta cikin kunyoyin gona har ya isa inda mijina yake. Bai yi sallama ba. Ya ɗaga karkataccen hannun nan da ƙyar, ya buge shi a kafaɗa, ɗaya, biyu. Mijina ya sandare a duƙe.

"Soja," in ji Maiwada, "an ce dokarku ce. Na makara, amma na buga."

Na ga yatsun mijina suna buɗewa ɗaya bayan ɗaya, garmar ta faɗi. Ya ɗago ya dubi Maiwada a ido, hawaye na bin furfurar gemunsa. Maiwada ya ja shi da hannun hagu zuwa inuwa, ya tura masa ƙwaryar fura. Ya shanye ta tas, har Shafa'atu ta koma gida ta damo wata.