Wayar Abu Ƙais

A ƙauyenmu na gefen Ajlun, Burhan ne ya fara sanin kan kwamfuta. Abu Ƙais muke ce masa. Ya koyar da lissafi a makarantar maza har furfura ta cika masa kai. Matarsa ta rasu, ɗansa Ƙais kuma yana Dubai. Abin da ya rage masa a duniya shi ne a neme shi. Idan wayarsa ta yi ƙara yakan ja tsaki, amma kowa ya san daɗi yake ji.

Da ƙungiyar manoman zaitun ta gaji da rigimar layi a injin matse mai, sai ta roƙe shi ya haɗa shafin intanet inda kowane gida zai kama ranarsa. Manhajar aikin iri biyu ce. Akwai mai zaman kanta, wadda ake sa wa kwamfuta guda ta riƙe komai. Ɗayar kuma sai an ɗora ta a sabar, wato babbar kwamfutar ƙungiya, wadda Nidal ɗan baffansa yake kula da ita.

"Kawo ta nan mana, tsoho," in ji Nidal. "Ba ni kaɗai ba ne a kanta. In ka yi mura wani ya duba."

"In ba ka? Kai da ko akuyar gidanku ba ka iya ɗaurewa?"

"To, Allah ya bar ka da amaryarka."

Abu Ƙais ya ɗauki mai zaman kanta, ya kafa ta a kwamfutar ɗakinsa. Shekaru aka yi haka. Duk kaka wayarsa ba ta hutawa, wannan a matso masa da rana, wancan a ja masa baya, kowa kuma da kwalbar sabon mai a hannu.

Mu nan ba a kaɗe zaitun sai ruwan farko ya wanke shi, sannan gari ya fita gaba ɗaya. Bara ruwan ya sauka Abu Ƙais yana kwance a asibiti a Irbid, an cire masa tsakuwa a ƙoda. Wuta ta ɗauke ta dawo, kwamfutar ba ta tashi ba, ɗaki kuma a kulle. Zaitun kuwa in ya jima a buhu, mansa tsami yake yi. Nidal ya tafi dubiya da ledar lemo, ya dawo da makulli. Kafin la'asar shafin ya koma sabar, kuma bai sake tsayawa ba.

Da Abu Ƙais ya warke, Nidal ya ce masa akwai kujera a ofishin ƙungiya. Tsohon ya ce yana nan zuwa.

Bana aka gama kaɗa lafiya lau. Na bi ta ƙofar Abu Ƙais na same shi zaune da shayi, ya ɗaga min wayar.

"Abu Samir, ɗan kira ni mu gani. Ina jin ta lalace."

Na kira. Ta yi ƙara.