Wayar da na sa a dutsen guga

Da za a maido mini da rana guda, da na ce wa taubashina ban iya ba. Abin da ya kamata in faɗa ke nan, girman kai ya hana ni.

'Yan shekaru ne bayan samun mulkin kai, lantarki bai wuce unguwar ma'aikata ba a garin Tawa. Ni ɗan maƙera ne, na ɗan taɓa lakwal, wato makarantar boko, ina gyaran kekuna da fitilu a bakin kasuwa. Shi kuwa ɗan gwaggona ne daga Barmu, yana wanki da guga a gidan wani babban ma'aikaci. Da wannan aikin yake ciyar da uwarsa da matarsa.

Wata safiya ya zo da dutsen guga na lantarki naɗe cikin tsumma. Dutsen ya daina zafi, shi kuma yana tsoron maigidan ya ji.

"Bawana," in ji shi, "an ce ka yi boko. Ko bokon naka iyakarsa facin taya?"

"Kawo nan, ɓarawon sabulu. Ƙarfe bai taɓa gagarar gidanmu ba."

Na kwance shi. A ciki akwai siririyar waya mai launin toka, ta tsinke. A maƙera muna gane ƙarfe da launi da amo. Wannan ba ta da kyan gani, sai na raina ta. Na warware wayar tagulla daga tsohon dinamon fitilar keke na naɗa a gurbinta, har ina cewa na sa masa wadda ta fi ta Nasara.

Ya koma ya jona, yana tsaye ba takalmi a kan simintin da ruwan wanki ya jiƙa. Tagullar ta narke ta taɓa jikin dutsen, wuta ta kama taubashina. Ya rayu, amma yatsu uku na hannun dama suka ƙandare.

Maigidan ya ce ruwa ya zuba wa dutsen, ya sallame shi. Taubashina bai faɗi wanda ya kwance dutsen ba. Ni ma na yi shiru, don kada a daina kawo mini gyara.

Daga baya wani mai kula da injin lantarki ya gaya mini wayar nan haɗin ƙarafa ce, an yi ta ne don ta yi ja ba tare da ta narke ba.

Taubashina ya koma Barmu, hannun bai ƙara riƙe hauya da kyau ba. Matarsa ta shiga daka a gidajen mutane. Duk zuwana sai ya tare ni da tsokana, ya miƙo mini hagu mu gaisa. Ya rasu ban nemi gafararsa ba.

Ku masu sana'a, in an kawo muku abin da ba ku sani ba, ku mayar wa mai shi, ko da zai yi muku dariya. In kuma kun riga kun cuci mutum, ku je ku same shi tun yana iya amsa muku.