Ranar da Subhan Ya Fita da Kasko Ba Wuta

Subhan Misgar ya tsufa yana ƙera samawar, wato tulun tagulla na dafa shayi, a bayan gadar Zaina Kadal, ni kuma shagon ɗinkina na jikin nasa, bango ɗaya ya raba mu. Bugun gudumarsa ne ya cinye mini kunnen hagu, kuma har yau bai ba ni haƙuri ba. Gajere ne, mai taurin kan tsiya, ba ya roƙo, ba ya kai kuka. Gidan da duk ka shiga a tsohon garin Srinagar aka zuba maka shayi, leƙa gindin samawar ɗin, da wuya ba ka ga ɗan ganyen da yake zanawa ba. Shi kansa kuwa shayin gishiri ne abincinsa. Da shi yake karyawa, da shi yake rufe shago.

Bayan ƙaramar salla ƙafafunsa suka fara kumburi. Ni na raka shi asibiti, don haka a gabana likita ya ce ƙodarsa ta gaji. Gishiri ya haramta gare shi, nama sai ɗanɗane, ruwa ma da awo. In ya kiyaye zai ja lokaci, in ya yi wasa kuwa sai injin wankin ƙoda. Muna fitowa ya damƙe mini hannu.

"Gaffar, in maganar nan ta fita kafin a kai Nigat ɗakinta, ni da kai har abada."

Nigat ita kaɗai Allah ya ba shi, uwarta ta rasu. Malamar makaranta ce, ta haura talatin, kuma sau biyu maganar aurenta na lalacewa a hannun masu bincike. Wannan karon ta samu wanda take so, yake son ta, har an sa rana. Amma ka san mutanenmu. Da sun ji kalmar ƙoda za su tuna cewa da ita uwar Subhan ta tafi, su ce abin a jini yake, su ce gobe za a yanka amaryarsu a ciro wa ubanta guda. Haushin halin nan namu nake ji har wuya, amma haushina bai taɓa ɗaura wa kowa aure ba.

Matsalar ita ce katin gayyata. Na nesa a aika musu, amma dangi da manyan unguwa sai uban amarya ya taka da ƙafarsa, ya zauna, ya sha shayin gidan. Wanda ya miƙa kati ya ƙi kofi, gara ma bai zo ba.

"Ka ce hawan jini gare ka mana," na ce masa.

"Wa ba shi da hawan jini a garin nan? Ka taɓa ganin ya hana wani kofi?"

"To ka ce azumi kake."

"In yi ƙarya da azumi, ƙafata ɗaya a kabari? Wannan na bar wa teloli."

Ranar da muka fita sanyi ya fara cizo, hazo ya kwanta a kan kogi. Na same shi a ƙofa cikin feran ɗinsa, doguwar rigar sanyin nan mai kauri, hannuwa duk a ciki, ciki ya turo gaba kamar na kowa, alamar akwai kangri a ƙarƙashi, ɗan kaskon wutar nan mai kwando da muke rungumewa don ɗumi. Sai da ya ɗaga bakin rigar na ga abin da ya shirya. Kaskon cike yake da toka har baki, amma ko ƙwayar garwashi babu.

"Ka haukace ne? A wannan sanyin?"

"Toka na shan ruwa," in ji shi. "Wuce mu tafi."

Gidan kawun marigayiya matarsa muka fara shiga. Aka shimfiɗa, aka kawo samawar yana huci, aka zuba mana shayin nan mai ruwan hoda, kirim na yawo a kai. Subhan ya kai kofi baki, ya jiƙa leɓe, ya yaba. Mai gida na juyawa ya kira jikarsa, kofin ya shige ƙarƙashin feran ya fito wayam. Burodin da aka kawo kuwa, da yake shi ma da gishirinsa, a hankali ya riƙa turo mini shi ta gefen gwiwa.

"Kai, Subhan Sa'ab, har ka shanye? Ƙara masa!"

"Alhamdu lillahi, Kawu, ya isa."

"Na haɗa ka da raina. In ka ƙi, gawata ka gani."

Haka muke yi wa baƙo, sai mun rantse da mutuwarmu kan kofin shayi. Aka ƙara, toka ta sha.

Muka bi lungu muka fita lungu, daga nan har unguwar Nawa Kadal. Kowane gida rantsuwar ɗaya ce. Ni na ci burodin mutum biyu har na fara jin haushin alkama, shi kuwa tun ɗan ruwan da ya haɗiyi magani da shi da asuba bai sa komai a ciki ba. Abin da ya fi damuna shi ne yadda yake kallon kofin kafin ya zubar. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana ƙera wa shayin nan mazubi, yau ƙamshi kawai yake samu.

Wajen hantsi muka biya wurin waza, mai dafa abincin bikin, don a tsayar da magana. Muka tarar yaransa na dukan nama a kan dutse, tukwane na tafasa na wani bikin. Waza ya tsamo curin nama daga jan romo ya miƙa wa Subhan a cokali.

"Taɓa ka ji, uban amarya. Irin wannan zan yi maka, har surukanka su manta hanyar gida."

Nan ba wurin zama, ba damar ɓoye hannu. Subhan ya karɓa ya sa a baki, ya tauna, ya lumshe ido. Na ga maƙogwaronsa na motsi, na taka masa ƙafa. Ya yi tari na ƙarya, ya tofar a hankici.

"Lafiya? Gishiri ya yi yawa ne?" waza ya tambaya, fuska ta canza.

"Haƙori ne, Usta. Haƙori ke damuna."

Waza bai yarda ba, kuma har muka fita yana ɗanɗana romonsa yana ƙunƙuni.

Daga nan sai kantin magani. Akwai guda a bakin layinmu, amma mai shi ɗan'uwan mai dalilin auren ne, don haka sai da muka tsallaka kogi muka yi tafiya mai nisa zuwa inda ba wanda ya san mu. A hanyar dawowa tafiyarsa ta canza. Ya kwance igiyar takalmi, duk da haka fatar ƙafar ta hau kan bakin takalmin. Muka zauna a matakalar da ke gangarawa ruwa a bayan masallaci, ya fito da 'yar shinkafar da Nigat ta ƙulla masa, fara sol, da ɗan dafaffen ganye wanda ba ruwansa da gishiri. Ya ci loma kaɗan ya rufe. Ya kurkure baki da ruwa ya zubar, don rabonsa na yini ya kusa ƙarewa kuma akwai maganin dare.

Ya ciro kangrin ya tsiyaye shi a kogi. Tokar ta zama taɓo, ruwan ya bi ta saƙar kwandon ya jiƙa masa rigar ciki. Yatsunsa sun yi fari, leɓensa na rawa. Na miƙa masa nawa kaskon ya rungume na ɗan lokaci, ya maido mini.

"Mu koma gida, Subhan. Saura gida ɗaya, gobe ma rana ce."

"Gidan Yaya Zuna ne. In ta ji na zaga gari na bar ta sai gobe, ka san sauran."

Na sani. Zuna ce ta goya shi bayan rasuwar uwarsu, kuma tana son sa, amma bakinta ba shi da murfi. Abin da ta ji da safe, kafin azahar ya kai Safa Kadal ya dawo da ƙari. Ba mugunta ba ce, ba ta iya riƙewa ne kawai. Abu biyu aka san ta da su a garin nan, labari da shayi. Amare har zuwa suke ta koya musu yadda ake bugun shayi ya yi launi, da yadda ake sa gishiri a tsaya daidai. Duk duniya ita Subhan ya fi tsoro ta sani.

La'asar ta yi sanyi muka isa. Muna ɗaga labule gabana ya faɗi, don a kan shimfiɗa, jingine da matashi, ga Saja Begum, gwaggon ango, wadda ita ce idon gidansu a duk binciken da aka yi.

"Ga ɗan halak!" in ji Zuna. "Sai yanzu ka tuna kana da 'yar'uwa? Da ka bari sai an yi suna. Kai kuma Gaffar, har yanzu kana cinye wa mutane yadi?"

Muka gaisa, ya miƙa kati, ta sumbace shi ta ajiye. Sai ta kama hannunsa.

"Inna lillahi! Wannan hannu ko ƙanƙara? Wutarka ta mutu, kawo in sa maka garwashi."

Duk shirin da Subhan ya yi, wannan ne bai tuna ba. Sauran gidajen maza ne suka tarbe mu, ba wanda ya taɓa shi. Amma wace mace ce ƙanenta zai shigo da sanyi ta bar shi da mataccen kasko? Kafin ya ce uffan ta zura hannu ƙarƙashin feran ta fizgo shi. Ta ji nauyi, ta duba. Ruwa mai ruwan hoda na ɗiga ta gindi yana sauka a kan kafet ɗinta.

Na jira ihu. Wallahi na riga na ji shi a kunnena mai lafiya: shayin mutane kake zubarwa, wa ka raina, me kake tsoro a ba ka? Ta buɗe baki, ta dubi fuskarsa, ta sauke ido kan safarsa da ta shaƙe ƙafa. Sai ta rufe kaskon da gefen mayafinta ta shige kicin.

Saja Begum ba ta lura ba. Ta jawo samawar da kanta ta cika kofi ta tura masa.

"Bismilla, suruki. Daga hannuna ne, ba a mayarwa."

Ba toka, ba wurin zubarwa, ga idonta a kansa. Subhan ya ɗauka ya shanye tas. Na ga daɗin abin a fuskarsa, na kuma ga tsoro, raina ya ɓaci. Ta sake cikawa.

"Na haɗa ka da ran 'ya'yana."

Ya miƙa hannu ke nan Zuna ta fito. Ta durƙusa ta tura masa kangri ƙarƙashin riga, jajir da wuta. Daga inda nake na ga ta danna babban yatsanta a idon sawunsa, ta ɗaga, ramin ya tsaya bai ciko ba. Ita ta yi jinyar uwarsu, ba ta buƙatar likita.

"Wannan ya huce," ta ce, ta ɗauke kofin daga gabansa. "Ba a ba uban amarya ragowar shayi a gidana."

Ta kwashe samawar ɗin gaba ɗaya. Da ta dawo da sabo ta zuba wa kowa, shi ta ba shi ɗan kaɗan a gindin kofi. Na kurɓa. Launi ya yi, kirim ya yi, amma salam, ko ƙwayar gishiri babu.

Saja Begum ta yamutsa fuska, sai ta fashe da dariya. "Zuna! Yau ke ce da shayi ba gishiri? Tsufa ya zo ke nan!"

"Ai kuwa na manta," in ji Zuna. "Kwanan nan haka nake, 'yar'uwa. Ga gishirin nan, kowa ya sa da hannunsa."

Ta rako mu har zaure. Nan ta riƙe masa wuyan riga, murya ƙasa ƙasa, irin wadda ban taɓa sanin tana da ita ba.

"Tun safe kake yawo ba wuta?"

Ta gyara masa wuyan rigar.

"Ni na goya ka, Subhan. Ashe bakina ya fi mutuwa ba ka tsoro."

Ta sake shi ta koma ciki. Muka taka zuwa gida a hankali, yana dafe da kafaɗata, ina jin ɗumin kaskon ta cikin rigarsa.

Kafin mako ya zagayo gari ya ɗauka cewa Zuna ta rikice. A kwanakin biki ita ta karɓe kicin, kuma duk shayin da ya fito inda ƙanenta ke zaune, salam yake fitowa. Mata suka yi ta dariya a bayanta, amare suka daina zuwa koyo. Tana ji, ba ta tanka ba. Aka kai Nigat ɗakinta lafiya.

Yanzu ni nake raka Subhan wankin ƙoda, don wahalar bikin ta ƙarasa abin da ya rage, kuma kowa ya riga ya sani. Surukan sun yi ƙorafinsu sun gaji, Nigat na nan a ɗakinta. Shagon da ke jikin nawa shiru, ba guduma. Amma har yau in aka sha shayi mara daɗi a unguwarmu sai ka ji an ce, "Wannan ai na Zuna ne." Rannan a gabanta wata ta faɗa, na zabura zan yi magana, Zuna ta harare ni.

"Sha shayinka, tela," ta ce. "Ba a tambaye ka ba."