Tukunyar da ke gonar surukina

Shekarata ta biyu da aure, bayan an gama cirar auduga, masu neman ruwa suka iso ƙauyenmu daga Funtuwa. Sun zo da wani akwati mai allura irin ta agogo, da wayoyi, da turakun ƙarfe. Sai su kafa turakun a jere, su sakar wa ƙasa lantarki, allura ta motsa, su ce nan dutse ne, can yashi mai ruwa. Kafin azahar gari ya ɗauka cewa akwatin yana ganin duk abin da ke binne.

Ni dai murna kamar in taka rawa. Da rani sai mun je rafin wajen Gozaki mun tona yashi, wuyana duk ya ƙage da ɗaukar tulu.

Awo ya nuna ruwan ya bi ta gonar surukina, nan bayan gidanmu. Tsoho ya kafe, ba mai shigar masa gona. Uwar mijina ce ta raɗa mini dalili. Shekarun baya ya karɓo tukunyar maganin albarkar dawa wurin amininsa, wani Bamaguje, ya binne a gonar, ga shi kullum yana sahun gaba a masallaci.

Haushi ya kama ni. Na zuba wa surukin nawa ruwan alwala da lakarsa, ban tace ba, na durƙusa na ajiye.

"Ke yarinya, wannan ruwa ne ko kunu?"

"Shi ya rage a rafi, Baba."

Washegari ya yarda. Ya tsaya kan mai akwatin yana kallon allurar.

"Malam, me ka gani?"

"Ruwa, Baba, bai ma yi zurfi ba."

"Ba wani abu kuma?"

"Akwatin nan ruwa da dutse kawai ya sani."

Tsoho ya yi hamdala har da shafa gemu. Amma ranar da aka fara haƙa rijiyar, a gaban jama'a, digar mai haƙa ta fasa tukunyar, ga ƙaho ga saiwoyi. Mai unguwa ya leƙa ramin ya ce, "Af, kai ma Bamagujen ya ba ka? Tawa tana gindin ɗorawa."

Aka tuntsire da dariya, surukina har da hawaye. Ranar da ruwa ya fito aka miƙa masa gugan farko. Ya ture ya ce, "A fara cika tulun yarinyar nan, na gaji da alwala da kunu."